Filtar iska ta kamfani: kwali muke saya ko kariya?

Makon jiya ina zaune a benci a gareji ana yi wa motata juye, sai ga wani bawan Allah mai Camry yana ta faɗa da mai kayan gyara a waya. An gaya masa kuɗin filtar iska ta kamfani ya ninka na ta gama-gari sau uku. Cewa yake: "Haba malam, takarda ce fa aka nannaɗe! Da zinare aka yi ta?" Na yi dariya ni kaɗai, don ni ma na taɓa faɗin haka da bakina. Tunda ga sanyi ya fara leƙowa, hazo kuma yana tafe, bari in ba ku labarin abin da ya rufe min baki.

Corolla gare ni, ƙirar 2007, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka. Akwai shekarar da harkokina suka riƙa kai ni Maigatari kusan kowace Alhamis, ranar kasuwa, daga can kuma in sauka daga kwalta in bi burji zuwa wani ƙauye. Kafin hunturun shekarar na canza filta, wadda makanikai ke kira iya kilina. A wani shago na bakin titi na saye ta, a cikin kwali mai kyau, da tambarin kamfanin mota ɓaro-ɓaro, a farashin da har na ji daɗi a raina cewa na iya ciniki. Wajen ƙarshen Fabrairu sai mota ta fara rawa in na tsaya a danja, sulo yana hawa yana sauka, fitilar inji ta kunna kanta.

Makanikina dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ɓalle akwatin filtar, ya ɗaga ta sama ya duba. Ni da nake tsaye a kansa har na ce, "Ka gani ko, Baba? Fes take, ba ita ba ce." Bai tanka ba. Ya kwance babban tiyon da ke ɗaukar iska daga akwatin zuwa inji, ya zura yatsa ciki, ya fito da shi ya miƙo min dab da fuska. Jar ƙura ce, mai laushi kamar hodar mata. Ya ce, "Alhaji, filtar da ta ci hunturu guda a hanyar Gumel ta fito fes, ai ba aiki ta yi ba. Ƙurar nan ta gefe ta zagaya." Sannan ya nuna min robar da ta kewaye bakinta. Ta bushe ta yi tauri kamar tsohon silifas, kusurwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe, ta bar wata 'yar kafa da ko ashana ba za ta shiga ba.

Wannan 'yar kafar ita ce duk maganar. Inji mai amfani da fetur yana buƙatar iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai. In ka mayar da lissafin zuwa lita, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Ka sha tanki guda na lita 50, injinka ya shaƙi iska lita dubu ɗari huɗu da hamsin ke nan. To wace irin iska? Tamu. Ƙurar da ke rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Maris, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, ta haɗu da ta burjinmu da ta tirelolin da muke bi a baya. A cikin ƙurar hanya akwai ɓurɓushin yashi, shi kuwa yashi ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya shiga ya gauraya da baƙin mai, sai ya zama kamar sanfefa tsakanin ringi da bangon silinda. Ba ranar za ka ji ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu ne za ka ga kana ƙara baƙin mai tsakanin juye da juye, salansa tana ɗan hayaƙi da safe, kai kuma kana zagin mai sayar da baƙin mai.

A tawa motar abin da ya fara kuka shi ne sensar da ke auna iska, wadda ke zaune a bayan filta da 'yar siririyar wayarta mai zafi. Ƙura ta lulluɓe ta, ta riƙa ba kwamfutar mota lissafin ƙarya. An wanke ta, mota ta dawo daidai. Wadda ta riga ta wuce cikin inji kuwa, ta wuce.

Saboda haka in tambayar ita ce ko filta mai kyau ta cancanci ƙarin kuɗi a kan mafi arha, amsata e ce, ba ko inda-inda. Amma ba nan gardamar ta ƙare ba, don ku tuna tawa ma a kwalin kamfani ta zo.

Abin da da yawa daga cikinmu ba mu lura da shi ba shi ne, kamfanonin mota ba kasafai suke yin filta da kansu ba. Kwangila suke bayarwa. Denso, wanda ya fita daga cikin Toyota a 1949 ya zama kamfani mai zaman kansa, yana yi wa motocin Japan. A Jamus akwai Mann da Mahle, su ke yi wa motocin Turai da dama. Masu Peugeot kuma sun san Purflux na Faransa. Waɗannan kamfanonin suna sayar da filta da sunansu ma, a nasu kwalin, kuma yawanci ta fi sauƙin kuɗi a kan wadda aka buga wa tambarin mota. Ke nan a cikin kuɗin ta kamfani akwai kuɗin takarda mai kyau, akwai na roba mai laushi da aka auna daidai da bakin akwatin, akwai kuma kuɗin suna zalla. Biyun farko zan biya da hannu bibbiyu. Na ukun ne nake jin ciwonsa.

Kuma a kasuwarmu suna shi ne abu mafi sauƙin bugawa. Mai yin jabu ba zai wahalar da kansa da kwaikwayon kwalin da ba a nema ba; inda kowa ke cewa "ba ni orijina" nan yake zuwa. Shi ya sa na daina kallon kwali. Yanzu in zan saya, da tsohuwar nake zuwa, in sa a fito da sabuwar in riƙe su biyu. Ina ƙirga ninkin takardar, don mai arha takan rage ninki ta rage takarda. Ina danna robar da farce in ga ko za ta lotsa ta dawo. Ina haska fitilar waya ta baya: in haske ya fito bai-ɗaya, dishi-dishi, to madalla, in kuwa na ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar taurari, sai in ajiye masa kayansa. Sannan a sa ta a akwati a gabana, murfi ya rufu da ɗan matsi, ba ya faɗa sakwa-sakwa ba. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna akwai 'yan kasuwar da in ka tambaya tsakani da Allah za su jera maka aji uku a kan kanta, su ce wannan kaza, wannan kaza. Irin su ake riƙewa.

Sai al'adarmu ta busa filta. Duk juye, yaron gareji ya zare ta ya ruga wurin mai faci, a ɗora mata iska mai ƙarfi, ƙura ta tashi, kowa ya ji an yi aiki. Takarda ce fa. Iskar da ke cika tayar tirela tana iya buɗe mata ƙananan ramukan da ido ba ya gani, wani yaron ma ta gefen datti yake busawa, ya ƙara cusa ƙurar ciki. Mutum ya sayi ta kamfani da tsada, a juye na farko a mayar masa da ita rariya. In dole ne, a ɗan bubbuga ta a hankali a tafin hannu, a goge cikin akwatin da tsumma mai ɗanshi, a mayar.

Na san me zai sa wani ya ce a busa: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowa na tsoron abin da zai ƙara wa mota shan fetur. A zamanin 504 mai kafireto wannan tsoro yana da tushe, filta ta toshe mai ya yi yawa a kan iska. Amma a 2009 cibiyar binciken Oak Ridge ta Amurka ta gwada motoci masu kwamfuta da filta a toshe, ta samu shan mai bai canza wani abin a zo a gani ba, ƙarfin tashi ne ya ragu. Kwamfuta tana auna iskar da ta shigo ta ba ta mai daidai gwargwado. Filta mai ɗan datti ma ta fi sabuwa tare ƙura, don ƙurar farko takan toshe manyan ramuka. Mai datti ba ta kashe inji. Mai huda da mai kafa a gefe su ne masu kisa.

Littafin Corolla ta Amurka yana cewa a canza a mil 30,000, kusan kilomita 48,000, amma shi kansa ya ce mai bin hanyar ƙasa ya riƙa dubawa akai-akai. Mu duk shekara muna da wata huɗu da ko a kwalta kake, hanyar ƙasa kake bi. Ni dai sau ɗaya nake canzawa a shekara, in ruwan farko ya sauka ya wanke sama. Ta Beljiyam kuwa, wato wadda aka zare daga motar da ta gama rayuwarta a Turai, wannan ko kyauta aka ba ni ba na so.

Mai Camry ɗin nan bai sayi ta kamfanin ba ranar, bai kuma sayi mai arhar ba. Baba ya kwance masa tiyo ya ce ya zura nasa yatsan da kansa. Ya zura, ya duba, ya goge a jikin wandonsa, ya sake kiran mai shagon ya ce a turo yaro da duka ukun ya gani.