Karkarwar Dattijon Nan Cuta Ce Mai Suna

Abin da aka riƙa rubutawa a ƙarƙashin bidiyon dattijon nan na Gombe, wanda hannunsa ke karkarwa har shayi yana zubar masa, bai dace da mu ba, kuma wanda ya ɗauki bidiyon ya yaɗa ya ci zarafin bawan Allah. Wasu sun ce jifa aka yi masa, wasu sun ce mutanen ɓoye ne, har da masu cewa alhakin jama'a ne yake binsa. Likitan da ya duba shi ne kaɗai zai faɗi abin da ke damunsa, amma ya kamata mu sani cewa akwai cuta sananniya da take zuwa da wannan siffa, wato cutar Parkinson, wadda wani likita ɗan Ingila, James Parkinson, ya bayyana tun shekarar 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita a 2019, kuma ita ce ta kama Muhammad Ali, shahararren ɗan damben nan.

Cuta ce da sanadinta yake cikin jiki. Akwai wani furotin mai suna alfa-sinukilin da kowa ke da shi a jijiyoyinsa. Idan siffarsa ta lalace sai ya riƙa dunƙulewa yana taruwa, a hankali ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, su yi ta mutuwa. Daga nan ake samun karkarwar da kan faro daga hannu ɗaya yayin da mutum yake zaune bai yin komai, da sanƙarewar gaɓoɓi, da nauyin jiki, da tafiya da gajerun taku ana jan ƙafa. Da yawa ma tun shekaru kafin karkarwar suke fama da taurin bayan gida da rashin jin ƙamshi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a daidai lokacin da muke jingina abin ga sammu, masana sun kai ga ganin wannan furotin da idonsu a cikin fatar majiyyaci. Ana yin allurar kashe zafi, a ɗebi ɗan guntun fata mai faɗin milimita 3 daga wurare uku, bayan wuya da cinya da ƙasan ƙauri, sannan a rina shi da wani sinadari a duba siraran jijiyoyin da ke ciki da madubin likita. A watan Maris na 2024 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da Dokta Christopher Gibbons da abokan aikinsa suka yi a Amurka, inda aka ga gurɓataccen furotin ɗin a fatar kusan kashi 93 cikin ɗari na masu cutar, alhali a masu lafiya kashi 3 cikin ɗari ne kacal. Abin da ake yankowa a ɗora a kan gilashi a gani, ta yaya za a ce aikin maƙiya ne?

Na san za a ce gwajin yana da tsada kuma bai iso gare mu ba. Haka ne, kuma ba ya warkarwa, sannan furotin ɗin yana fitowa a wasu cututtuka 'yan uwanta, saboda haka dole likita ya haɗa da duba majiyyaci. Amma wannan ba hujja ba ce ta kulle tsoho a ɗaki ana yi masa hayaƙi. Har yau da dubawa da tambayoyi likitoci suke gane cutar, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya yana nan cikin garin Gombe. Maganin lebodofa, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1960, yana sassauta jiki har mutum ya koma ci da hannunsa, ya yi alwala da kansa. Addu'a wajibi ce a kanmu, kuma ba ta hana zuwa asibiti. 'Yan uwa, idan Baba ko Inna suka fara karkarwa, a kai su a duba su, domin wata karkarwar ma daga wasu magunguna take ko daga ciwon maƙoƙo, kuma tana da gyara.

Sannan masu cewa cutar Turawa ce su sani cewa a 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita ga 'yan asalin Afirka, kuma yawancin majiyyatan da aka bincika 'yan Najeriya ne. Ina fata jami'o'inmu na Gombe da Bauchi su shiga irin wannan aiki, a samu dattawanmu na Arewa maso Gabas a cikin lissafin.