Kwaɗon Taliya a San Antonio

A gidanmu na Kano, in aka ce za a yi taro ni ake fara nema. Na tuƙa tuwon mutum talatin ban ce wash ba, na yi wainar suna har maƙwabta suka aiko da kwano a ƙara musu. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji abin da ya same ni a Teksas ya ce dama matar ba ta iya girki ba.

Ina cikin shekarata ta biyu a San Antonio, wani birni a jihar Teksas ta Amurka, ina aiki a wani ofis, ranar wata Litinin na shiga ɗakin shan shayi na tarar da takarda manne a jikin firij. Wai za a yi abin da suke ce wa fotlok ranar 5 ga Mayu. Da aka yi mini bayani sai na ce af, ashe ciyayya ce. Yadda a ƙauyen kakanninmu kowane magidanci zai fito da kwanonsa zaure a haɗu a ci, haka su ma suke yi, sai dai su nasu da rajista. Kowa sai ya rubuta sunansa da abin da zai kawo. Har na ɗauki biro zan rubuta dafa-duka, mai shirya taron ta dafa hannuna ta ce a'a, ai ranar Cinco de Mayo ce, wani bikin 'yan Meksiko, abincin Meksiko ake so. Ta duba takardar, duk an cike layuka sai guda ɗaya. Ta ce in yi salak ɗin taliya mai ɗanɗanon tako, wato wani abincin Meksiko da ake naɗe nama cikin 'yar waina, ba shi da wuya, ɗanta mai shekara goma sha biyu ma yana yi.

Wannan magana ta ɗan shekara goma sha biyu ita ta jawo komai. Na ji ta har cikin ƙashina.

Ta ba ni takardar haɗi, na nufi babban kantin H-E-B da yamma. Taliya mai murɗiya da suke kira rotini, fam ɗaya. Baƙin wake na gwangwani, masara ta gwangwani, ƙananan tumatir, gurzajjen cuku ruwan lemo, bama, da wani farin kirim mai tsami da ya fi kama da kindirmon da ya ji jiki. Sai Doritos, wani soyayyen abin ƙwalama na masara mai ƙaras-ƙaras, babbar leda, wadda za a marmashe a barbaɗa a sama. Nama kuwa na je shagon halal aka niƙa mini fam ɗaya, wato kusan rabin kilo. Sarkin tafiyar shi ne ɗan ƙullin kayan ƙamshin tako, giram 28 cif, wanda aka ce ya ishi fam guda na nama. Na juya bayansa na karanta: garin barkono, kumin, garin tafarnuwa, garin albasa, gishiri. Na girgiza shi a kunnena. Giram 28. A gidanmu wannan ko miyar mara lafiya ba zai yi ba.

Da daddare na ɗora tukunya, sai ga kiran bidiyo daga Hajiya. Na jingine wayar a jikin tulun man gyaɗa muna hira ina aiki. Taliya ta dahu, na tsiyaye, sannan na bi abin da takarda ta ce, na kai ta ƙarƙashin famfo na sakar mata ruwan sanyi.

Hajiya ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Ke, me ya faɗa ciki?"

Na ce ba komai, Hajiya, haka ake yi. Ana wanke ta ne don ta daina dahuwa, kuma kada ta manne da juna.

"Sai kuma ki mayar da ita wuta?"

Na ce a'a, firij za ta kwana, da sanyinta ake ci.

Ta yi shiru. Can ta ce, "Wato abincin jiya za ki kai wa mutane, kuma ko ɗumame ba za ki yi musu ba. Allah ya kyauta. Kada dai ki ce musu ni na haife ki."

Na soya naman, na zazzage masa ƙullin nan, na zuba ɗan ruwa ya tsotse. Ƙamshi kam akwai shi, kumin ba ya ɓuya. Amma da na ɗanɗana sai na ji kamar an gaishe ni ba a tambayi mutanen gida ba. Na haɗa komai a babbar roba, na juya, na tsaya ina kallonsa. A nan ne hankalina ya ba ni wata fatawa da har yau nake ganin tana da hujja. Abu ne dafaffe, an bar shi ya huce, an haɗa shi da tumatir da mai an cakuɗa. To wannan ai kwaɗo ne. Kwaɗon taliya. Kuma duk wanda ya taɓa cin kwaɗon zogale ko na rama ya san kwaɗo ba ya yiwuwa sai da ƙuli.

Ina da wata roba a can ƙuryar kabad, yajin ƙuli ne da ƙanwata ta daka mini na taho da shi, ina tattalinsa kamar zinare. Na zuba cokali uku manya. Na ɗanɗana, abu ya fara magana. Sai na tuna takardar ta ce in ana so a sa barkonon jalapeno guda ɗaya. Ni ban saya ba, don na san halinsa, tattasai ne da ya yi karatun boko. Abin da nake da shi habanero ne, ɗan'uwan attaruhunmu na jini. Daga baya ne maigida ya nuna mini a waya cewa a ma'aunin zafin barkono jalapeno bai wuce 8,000 ba, shi kuwa habanero daga 100,000 yake farawa. A daren nan ban san da wannan lissafi ba. Na jajjaga guda huɗu. Sannan don in rage wa kaina aikin safe, na marmashe Doritos duka na juye a ciki, na rufe na sa a firij, na kwanta ina jin kaina.

Bayan sallar asuba na buɗe robar.

Taliyar ta shanye bama da kirim ɗin tas, ko alamar danshi babu. Doritos ɗin da ake so su riƙa ƙaras-ƙaras sun koma kamar kwalin da ya kwana a ruwan sama. Naman kuma, da yake ban tsiyaye kitsensa ba, duk ya yi fari-fari ya daskare a jikin murɗiyar taliyar, kamar an shafa mata man kaɗanya. Na sa cokali na ɗaga, gaba ɗaya abin ya taso tare, ya ɗauki siffar robar kamar malmalar tuwon da ta kwana. Maganar Hajiya ta faɗo mini, na yanki kaɗan na sa a injin ɗumama abinci. Minti biyu, cuku ya narke, bama ta tsinke ta koma mai, tumatir suka fashe. Maigida ya leƙo da kofin shayi a hannu, ya dubi farantin, ya dube ni.

"Wannan shi ne na Meksikon, ko wanda ya yi hatsari a hanya?"

Na ce ya fita mini daga kicin. Na juye sauran bamar da ta rage, na matse lemon tsami biyu, na yi ta fama da muciya, e, muciya, har abin ya yarda ya warware. A hanya na tsaya gidan mai na sayi sabuwar ledar Doritos. Da na barbaɗa su a sama, na jera yankakken tumatir, wallahi sai ya yi kyan gani. Wanda bai san asirin ba zai ce daga mujalla aka ciro shi.

A ofis na fara da wani ƙaramin abin kunya don share fage. Akwai abokiyar aikina da iyayenta 'yan Meksiko ne, na je na rungume ta na ce barka da ranar samun 'yanci. Ta yi dariya ta ce tasu ranar 'yancin sai 16 ga Satumba. Wannan tunawa ce da yaƙin Puebla na 1862, da sojojin Meksiko suka kori na Faransa, kuma a can gida ba a damu da ita kamar yadda Amurkawa suka ɗauke ta ba. Ta leƙa robata ta ce shi ma wannan kakarta ba ta taɓa ganinsa ba, ƙirƙirar nan ce.

Kowane abinci da ɗan katinsa a gaba, ana rubuta abin da ke ciki. Na rubuta taliya, naman halal, wake, masara, cuku, da ɗan yaji. Mai shirya taron ta karanta, ta tambaye ni ko akwai gyaɗa. Na ce gyaɗa kuma, a taliya? Babu. Kuma Allah ya sani ba ƙarya na yi niyya ba. A kaina gyaɗa gyaɗa ce, ƙuli ƙuli ne. Ba wanda ke cin ƙuli yana tunanin gona.

Shugaban sashenmu ne ya fara ɗiba, mutum ne mai son a ga yana yi da kowa. Ya cika cokali ya kai baki yana cikin ba da labarin wasan ƙwallon kwando. Labarin ya tsaya a tsakiya. Kunnuwansa suka fara yin ja, sannan wuya, sannan har tsakiyar sanƙonsa ya ɗauki sheƙi. Ya ɗaga mini babban yatsa hawaye na zuba, ya ce da wata 'yar siririyar murya wai yana da daɗi, ya juya ya ɗauki kofin wani ya shanye.

Ina cikin dariyar ƙeta a zuciyata sai idona ya sauka kan wani saurayi na sashen kuɗi, ya zuba kwaɗona a faranti yana neman cokali. Wannan yaro kowa ya san shi a ofis, jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa ko kaɗan, saboda shi aka hana ajiye ta a ɗakin shayi, kullum da allurar gaggawa ta EpiPen a jakarsa. Nan take, kamar an kunna fitila, na ga hoton ƙanwata a tsakar gida tana matse tunkuza. Tunkuza daga ina? Inna lillahi!

Ban san ina da gudu haka ba. Na tsallake kujera da doguwar rigata, na ture wata mata da kwanon guacamole, wato dakakkiyar fiya, na kai wa farantin yaron duka ya tashi sama. Rotini har kan injin buga takardu. Kuma duk Turancin da na sani ya gudu, abin da nake ta ihu shi ne "Ƙuli! Ƙuli ne!" Ofis ya yi tsit. Sai da na zauna na sha ruwa na iya yi musu bayanin cewa akwai wani abu da muke yi da gyaɗa bayan an matse mai, a soya, a daka, kuma cokali uku na wannan abu suna cikin robar. Yaron bai kai ko ɗaya baki ba, alhamdu lillahi. Har godiya ya yi mini, yana cire masara daga aljihun rigarsa.

Aka ɗauke robata da safar hannu, aka kai ta wani tebur can kusa da taga ita kaɗai, aka kafa mata takarda da jan alƙalami. Mutum biyu ne suka bi ta can: 'yar Meksikon nan da wani injiniya ɗan Indiya. Suka zauna suka ci rabinta suna share hanci. Ita ta ce ba tako ba ne, ba salak ba ne, ba ta ma san ko mene ne ba, amma in zan je gida in taho mata da garin nan. Bayan awa biyu aka zo kwashe duk abin da ke da bama, wai ƙa'ida ce kada ya wuce haka a waje. Na rungumi robata na ce wannan ba inda za ta sai gida.

Da daddare Hajiya ta kira ta ce an ci? Na ce an ci har da kuka. Ta ce ai dole, abinci ba ɗumame.

Da Nuwamba ta zo aka sake manna takarda a firij, ta ciyayyar Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa. Na zo da birona na tarar an riga an rubuta mini sunana da kyakkyawan rubutu, a gabansa an sa farantan takarda da kofuna. Ranar taron na kawo su, na jera a tebur, na ɗauki ɗan katin nan na rubuta "Babu gyaɗa" na kafa a gabansu.