Amfanin binciken fasahar soja ba ya tsayawa a bariki

A majalisun Bauchi ana yawan cewa kuɗin da gwamnatoci ke zubawa a binciken fasahar soja asara ne, domin talaka ba ya cin moriyarsa. Wannan magana tana damuna, ko da yake masu faɗinta suna da uzuri, tunda irin wannan bincike a ɓoye ake yinsa, kuma yakan ɗauki shekaru kafin amfaninsa ya bayyana.

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta gina tsarin GPS, mai nuna wa mutum inda yake ta hanyar taurarin ɗan adam, domin dakarunta, ta harba tauraronsa na farko a 1978, daga baya aka buɗe shi ga kowa kyauta, saboda sanin ainihin inda mutum yake buƙata ce ta soja da farar hula baki ɗaya. Da shi direban da ya ɗauko kaya daga kasuwar Muda Lawal yake laluben adireshi a wayarsa idan ya shiga Gombe.