Ranar da Na Zama Malam Albasa

Tunda kun ƙi barin maganar tulin rigunan da na saka ranar walimar suna ta mutu, har wani ya kai ta kunnen Inna a Kano da ƙarin gishiri, bari in faɗi yadda aka yi da bakina. Riga bakwai na saka, masu cewa goma sha biyu su ji tsoron Allah. Kuma ban suma ba, jiri ne kawai ya ɗebe ni.

Kun san a watan Satumbar 2023 na sauka Manchesta. Lokacin da suke kira kaka ke nan, amma kakarsu babu sabon gero, babu ɗanyar gyaɗa, babu rake. Ganyen bishiya ne kawai yake yin ja ya zube, sai yayyafi ba dare ba rana, sai wata iska mai shiga ta ƙafar wando ta fito ta wuya. Ni da nake ganin na san sanyi saboda na yi hunturu biyu a Jos, sati uku ya ishe ni in gane wasan yara muke yi. Ran 29 ga Oktoba kuma aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta koma wajen huɗu da rabi na yamma. Ka idar da azahar, kafin ka gama shan shayi la'asar ta yi, kafin ka nemo takalminka an kira magariba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka yi walimar sunan ɗiyar angon ƙarninmu. Da daddare ranar Juma'a na tafi wurin Ɗan Kwalisa neman shawarar abin da zan saka, kuma daga nan na ɗebo ruwan dafa kaina.

Ya zaunar da ni kamar ɗalibi, ya buɗe Instagram, ya shiga nuna mini samarin Turawa a tsaye a gindin bishiya, hannu a aljihu, kowa yana kallon gefe kamar an yi masa laifi. Ya ce yayin bana shi ne jera tufa hawa-hawa, kowacce ana ganin bakinta a ƙarƙashin ta samanta. Launi kuma sai ruwan ƙasa, da ruwan ganyen zaitun, da ja mai duhu irin na zoɓo. Ya nuna mini suwaita mai dogon wuya. Ya nuna mini wata aba da ba ta kai jaket ba ta kuma wuce riga, mai layi-layi kamar kunyar dankali. Ya nuna mini falmaran mai kumburi wanda ba shi da hannu. A ƙarshe ya zo kan doguwar kot mai ɗamara, ya yi mini lacca a kanta: hafsoshin Ingila ne suka yi yayinta a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yadinta kuma wani Thomas Burberry ne ya ƙirƙiro shi a 1879 don ruwa ya riƙa zamewa a kai. Duk wannan ilimi yana kansa. Abin da bai faɗa mini ba shi ne mutum zaɓa yake yi a cikinsu. Ni na ɗauka jerin sayayya yake ba ni.

Da safe na bi shagunan gwanjonsu, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke gudanarwa. Ƙofar Wambai ce sak, sai dai an rataye kayan a tsare kuma ba a tayi. Na samu kot fam 18, falmaran fam 7, mai kunyar dankalin fam 9. A wani shagon na ga dogon wandon ciki na sanyi an karya farashinsa, ja jawur, da hotunan barewa masu ƙaho, irin na Kirsimeti. Na ce wa zai gani?

Ga yadda na jera su. Singiletina ta auduga da na zo da ita daga gida. Rigar ciki mai dogon hannu mai manne wa jiki. Suwaita mai dogon wuya. Sai na tuna suna za ni, ba zan shiga cikin dattawa ba kayan gida ba, na ɗora jamfata ta shadda ruwan sararin samaniya, wadda telana na Fagge ya ɗinka daidai jikina lokacin da babu komai tsakanina da ita sai singileti. Da ƙyar ta shiga, sai da na riƙe numfashi. A kanta mai kunyar dankali, sannan falmaran, sannan kot. Safa biyu, safar hannu, zanna bukar a ka. Da na dubi madubi hannayena sun ƙi sauka gefena, sun tsaya a buɗe kamar na ɗan dambe mai jiran kiɗa. Na ce haka gayun yake.

A waje sanyi ya kai maki 8, kuma wallahi na ji daɗina. Na tsaya a tashar bas ina kallon wani Bature da gajeren wando ina tausaya masa. Matsalar ta fara ne a cikin bas. Mutanen nan sanyinsu a titi kawai yake, duk inda aka yi rufi an kunna abin ɗumama ɗaki. Kafin mu wuce Rusholme na ji wani abu yana gangarowa ta tsakiyar bayana. Da na shiga zauren walimar kuwa, mutum ya fi ɗari, ga tururin masa da miyan taushe, ga ƙarafan ɗumama ɗaki a jikin bango sun yi zafi kamar kaskon tuya. Na rataye kot. Na so in cire falmaran, sai na hango Ɗan Kwalisa.

Jama'a, kaftani ne a jikinsa. Fari, guda ɗaya, da wata siririyar riga a ciki, kot ɗinsa a rataye a hannu. Mutumin da ya hana ni barci da laccar hawa-hawa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Mutumina, ƙaura kake yi?" Na ce ai shawararka ce. Ya ce, "Ni na ce ka saka su duka?" Saboda wannan maganar na ƙi cire komai, don kada ya ga kamar ya yi nasara. Na zauna na ci masa huɗu gumi yana ɗiga daga haɓata.

Sai aka ce a yi alwala, la'asar na neman ƙurewa.

Wurin alwalar banɗakin maza ne, famfo biyu, layi har waje, kuma wani mai hikima ya tokare ƙofar da kujera don iska ta shiga. Ƙofar tana kallon barandar da mata ke wucewa da kuloli zuwa kicin. Da layi ya zo kaina na wanke hannu, na kurkure baki, na shaƙa ruwa, na wanke fuska. Na zo wanke hannu zuwa gwiwa, na ja hannun riga, ya motsa kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya. Hannun riga huɗu ne a jere, kowanne ya cije na ƙasansa. Na ja da ƙarfi, agogona ya shige ciki. Bayana kuwa Baba Alhaji ne na Kumasi, da wasu dattawa uku, kowa ya naɗe hannun rigarsa yana jira.

Na cire falmaran, na rasa inda zan ajiye, na miƙa wa wani yaro da ke tsaye. Kun san yaron, ɗan autan Hajiya mai kunun gyaɗa, wanda aka haifa a can, wanda uwarsa kullum take kukan ya ƙi koyon Hausa. To ranar ya nuna ya iya ƙirga. Ya karɓi falmaran ya ce da ƙarfi, "Ɗaya!" Na cire mai kunyar dankali. "Biyu!" Dattawa suka fara gyaran murya.

Saura jamfa. Da ina da hankali da na ɓalle maɓallan wuya na cire ta ita kaɗai a hankali. Amma ina sauri, ana jirana, sai na kama gindin jamfa da na suwaita tare na ɗaga su sama gaba ɗaya. Suka wuce ƙirji, suka wuce kafaɗa, suka zo wuya suka tsaya cak. Na manta ban cire hula ba. Zanna bukar ta shige cikin dogon wuyan suwaitar ta toshe shi kamar murfin tulu, shaddar kuma da ta sha gumi ta manne a kafaɗuna. Hannayena biyu a sama, a ɗaure, kaina a cikin duhu, ba na jin komai sai warin ulu da turaren da na fesa da safe. Na ja sama, ba ta tafi ba. Na ja ƙasa, ba ta dawo ba. Na fara juyi a wuri ɗaya ina bugun bango, har gwiwar hannuna ta taɓa na'urar busar da hannu ta kama ruri.

Ina cikin wannan hali na ji iska a cikina. Rigar cikin da singileti sun bi 'yan uwansu sama, masa huɗun nan tana waje kowa yana gani. Na ja ciki don in rage abin kunya, kuma jan cikin nan shi ya ƙarasa ni, domin zariyar wandona dama ban ɗaure ta da kyau ba saboda kaurin abin da ke ƙasa. Na ji wandon shadda yana sauka a hankali, a hankali, ba gaggawa, har ya kwanta a idon sawuna.

Wurin ya yi tsit. Na'urar busar da hannu ma ta yi shiru. Sai muryar yaron nan, da murna kamar ya tsinci kuɗi: "Mama! Zo ki ga barewa!"

Na ji ƙarar murfin kula ya faɗi a baranda. Na ji wata ta ce "Innalillahi," wata ta ce "Ku rufe ƙofar mana," ba kuwa wanda ya rufe. Na ji wata dariya da aka toshe da mayafi, kuma na san mai ita. Ku ma kun san ta, kada wanda ya kira suna. Wata biyu ina gaishe ta da Hausar littafi, ina gyara tsayuwa, ga inda aka ƙare.

Baba Alhaji ne ya cece ni, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce, "Ɗana, tsaya wuri ɗaya, kar ka yi kokawa da ita." Na ce daga cikin suwaita, "To, Baba." Ya ce wa wani ya riƙe ƙuguna, shi ya kama hannayen rigar, ya yi bisimilla ya fizga. Shaddata ta ce ɓarrr a hammata. Suwaitar ta fita tana ƙas-ƙas da tartsatsin wutar nan da ulu ke yi, hula ta yi tsalle ta faɗa cikin kwamin famfo. Na fito ina haki, ido jawur. Yaron ya ce, "Uku! Huɗu!" Baba Alhaji ya dube ni, ya dubi barewa, ya ce, "Ja wandonka, ɗana. Sannu. Mu ma da muka zo a 1988 mun yi hauka, amma ba mu kai nan ba."

Sai da na sake alwalar daga farko, don an daɗe da wanke fuskar har ta bushe ta sake jiƙewa da gumi. Ga safa biyu kuma.

Wanda ya laƙaba mini sunan ba Ɗan Kwalisa ba ne, wannan ɗan Zariyan ne da ya yi karatu a Jamus. Muna cin abinci ya ce ai Jamusawa salon albasa suke kiran irin wannan shigar, saboda ɓawo kan ɓawo. Ya faɗe shi kamar yana ba da ilimi, fuska ba dariya, alhali ya san abin da yake yi. Kafin magariba har yara suna cewa Malam Albasa. Shi wannan mutumin, in ba ku manta ba, shi ne ya ari tukunyar dafa shinkafata tun makon da na zo, ya ce kwana biyu. Na tambaye shi sau uku. Na farko ya ce tana wurin maƙwabcinsa, na biyu ya ce murfin ya ɓata yana nema, na uku ya ce, "Haba Malam Albasa, tukunya ce fa." Mutumin da ke zuwa ɗakina ya buɗe firij ba sallama, ya shanye mini fura da aka kawo mini tun daga gida a daskare, ya ce ya ɗauka ta lalace ne yana taimakona. Shi ne yau yake da bakin raɗa wa mutane suna.

Da aka tashi ban iya mayar da kayan duka ba, na cusa rabi a leda. Singiletin nan ta jiƙe sharkaf, ina fita iska ta buge ta, na ji kamar an manna mini ƙanƙara a baya. Kwana huɗu ina mura. Likitan cikinmu da ya zo duba ni ya ce laifin singiletin ne: auduga tana shan gumi ta riƙe, don haka ba a sa ta a jikin fata lokacin sanyi. Hawa uku ake yi, ta ciki ta ulu ko ta roba mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, kuma a zaɓi masu zif a gaba don a iya cirewa in an shiga ɗaki. Na ce ina kake ranar Juma'a? Ya ce yana aikin dare. Ya rubuta mini in sha ruwa da yawa, ya tambaya ko gaskiya ne barewar har da jan hanci.

Jamfar tana nan, na kai wa wani tela ɗan Pakistan ya ce fam 15 zai ɗinke hammatar, na ce a bar ta sai na koma Fagge. Wandon barewa kuwa ina sa shi har yanzu, yana da ɗumi, ba ruwan kowa. Af, wanda ya ga safar hannu baƙa ta hagu a zauren nan, tawa ce.