Jauro da Gonar Delamere

Ɗanboko ya dawo daga Kenya, ya iske Jauro a teburin mai shayi.

Ɗanboko: Baffa Jauro, na ga gonar da za ta haɗiye rugarku har da ta maƙwabta. Soysambu, a bakin tafkin Elmenteita, ta gidan Delamere. Su ne farkon zuwa wurin.

Jauro: Da suka zo ba su tarar da kowa ba?

Ɗanboko: To, akwai makiyaya 'yan ƙabilar Masai da shanunsu.

Jauro: Ashe baƙi ne. Ci gaba.

Ɗanboko: Kakansu, Lord Delamere, farauta ta kawo shi daga Ingila. A 1903 gwamnatin Turawa ta yanka masa eka 100,000 a Njoro.

Jauro: Gwamnatin a wa ta saya?

Ɗanboko: Baffa, bar ni in kai aya mana! Ya sauke tumaki daga ƙetare ta jirgin ruwa, suka yi ta mutuwa. Ƙasar wurin ba ta da sinadarin da dabba ke buƙata, shi ya sa Masai ma ba sa kiwo a can.

Jauro: Aradu! Ka ga ciyawa har gwiwa, babu kashin saniya ko ɗaya, ba ka tambaya ba?

Ɗanboko: Ya kawo shanu, cuta ta kwashe su. Ya shuka alkama, cutar tsatsa ta cinye.

Mai shayi: Wannan ko biredi ba zan ba shi bashi ba.

Ɗanboko: Ai banki ya ba shi. Gidan gadonsu na Vale Royal ya jinginar. Bai karaya ba, ya sa aka yi ta gwaji har aka samu irin alkamar da ke jure tsatsa. Dabbobin kuma ya mayar da su Soysambu, ya ɗauki Masai kiwo, har yarensu ya iya.

Jauro: Yawwa, ya dawo hanya. Nawa suka biya shi kuɗin ciyawar kakanninsu?

Ɗanboko: Kai dai! Ya rasu a 1931. Aka sa wa babban titin Nairobi sunansa, aka kafa masa gunki. Bayan 'yancin 1963 titin ya koma Kenyatta, gunkin aka kai shi gonar. Jikoki na nan har yau.

Jauro: Gunkin yana cin ciyawa?

Ɗanboko: Haba Baffa, ƙarfe ne.

Jauro: To ka rubuta musu takarda da Turancinka. Su turo shi nan ya tsaya a bakin tasha, ni in kai shanuna inda yake tsaye.