Gyaran da mai kifi ya yi mini

Dodon koɗi biyu mai sayar da kifin ado ya jefa mini a leda a matsayin gyara, ranar da na sayi akwatin gilashin da zan ajiye a falo. Ya ce su ne masu shara, za su riƙa lashe gansakukar jikin gilashi. Na tambaye shi wane ne namiji, wace ce mace. Ya yi dariya, ya ce: "Alhaji, irin wannan kowanne namiji ne kuma mace ce." Na ɗauka barkwancin 'yan kasuwa ne.

Ashe gaskiya ya faɗa. Kafin wata ya zagayo sai ga wasu ɗigo-ɗigo kamar majina manne a gilashi da ganyen ciyawar ruwa, ciki cike da ƙwai. Ba a jima ba gilashin ya yi baƙi da 'ya'ya. Kifayen da na saya da kuɗina sai an leƙa da kyau ake ganinsu.

Na koma wurin mutumin. Ya ce abinci nake zubawa da yawa, abin da kifi ya rage shi suke ci su hayayyafa. Na rage abinci, kifaye suka rame, dodon koɗi ko a jikinsu. Maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe yana kashe su, amma gawarwakin za su ruɓe su ɓata ruwan, kifi ya bi su. Sai ya koya mini tarko: a yanka kokwamba, a ɗan tsoma ta a ruwan zafi don ta nutse, a bar ta a ciki ta kwana. Da asuba za ka tarar sun lulluɓe ta, sai ka ɗauke gaba ɗaya.

Tarkon ya ci. Matsalar ita ce kokwambar ta haɗin salak ɗin uwargida ce, abin kwashewar kuma rariyar shayinta. Ranar da ta kama ni, na tsuguna gaban gilashi da fitilar waya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Maigida, korar su kake yi ko walima kake musu?" Ban ba ta amsa ba, don a aljihuna akwai ɓawon ƙwai da na daka, wanda aka ce yana ƙara musu ƙwarin katantanwa. Tausayinsu ne ya kama ni da na ga bayan wasu ya fara fari yana zaizayewa.

Bokiti ya cika, yarona ya ce mu juye a kududdufin bayan unguwa. Muna fita muka ci karo da maƙwabcinmu, tsohon malamin asibiti. Da ya leƙa bokitin sai ya yi salati. Ya ce dodon koɗin kududdufi ne ke rainon ƙwayar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, ni kuma zan ƙaro musu dangi. Na ce Malam, nawa 'yan gilashi ne, ba su taɓa ganin kududdufi ba. Ya ce shi bai duba musu katin ɗan ƙasa ba. Daga nan ya tsayar da ni a rana ya karanta mini tarihin wani babban dodon koɗi na Kudancin Amurka da aka kai Taiwan wajen 1980 don ci, ya ƙare da cinye shinkafar manoman Filifin, har Tarayyar Turai ta hana shigo da irinsa a 2012. Yarona tuni ya sulale.

Sai na tuna Kawu yana kiwon tarwada a tankin siminti, tarwada kuwa ba ta da abin ƙi. Na ɗaure bokiti a bayan babur. Kowane rami na faɗa, ruwan ƙarni sai ya watso mini a bayan riga. A danja wani ɗan adaidaita ya leƙo ya ce: "Yallaɓai, kayanka na guduwa." Na waiga, sun hau murfi, ɗaya har ya kai kan kafaɗata, yana miƙa ƙahonninsa kamar shi ya biya kuɗin mai.

Tarwadar Kawu ba su yi minti biyar ba suka share bokitin. Kawu ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce: "Ɗana, ka san nawa buhun abincin kifi yanzu? Kowace Juma'a ka kawo." Wa zai ce wa Kawu a'a?

Tun daga ranar dodon koɗin suka ja baya da haihuwa. Na ƙara abinci, na sayo kokwamba tawa ta kaina, har kabeji na dafa musu. Juma'ar da ta wuce guda tara na kai a gwangwanin madara. Kawu ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni, ya ce ko na fara sayar wa wani ne a ɓoye.