A Kan Mai Shayin Wanke Hanji Da Ta Zagi Miyar Kuka

Kun dai ga bidiyon matar nan mai tallan shayin wanke hanji, tun da kusan kowa ya turo mini shi, saboda haka ba sai na maimaita duk abin da wannan baiwar Allah ta faɗa ba. Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ta ɗaga kwalin shayinta ta ce duk mai cin tuwo da miyar kuka cikinsa cike yake da datti, kuma ba shi da mafita sai ya sayi kwali uku a wanke masa hanji. Sannu da aiki, Hajiya likita. Ashe shekara da shekaru iyayenmu da kakanninmu datti suke ta tarawa ba su sani ba, sai da Allah Ya kawo mu zamanin da aka fara auno shayi daga waje.

Maganar gaskiya ita ce hanjin ɗan Adam ba wanki yake nema ba. A cikin babban hanji akwai tiriliyoyin ƙananan halittu, akasarinsu bakteriya, waɗanda suke zaune da mu lafiya kuma suke yi mana aiki. Abincinsu shi ne ɓangaren tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa, wato faiba, wanda yake wuce tumbi da ƙaramin hanji har ya isa gare su. Idan suka ci, sai su fitar da wasu sinadarai, ciki har da butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin kansa. Abin lura kuwa shi ne ba abu ɗaya dukansu suke ci ba: wanda yake rayuwa da ɓawon wake daban, wanda yake rayuwa da dusar gero daban, wanda yake jiran yauƙin kuɓewa da karkashi shi ma daban. Duk wanda ya taƙaita cimarsa ga farar shinkafa da taliya da burodi, ya ciyar da kaɗan ya bar sauran da yunwa. Shayin wanke ciki kuwa, da yawa daga cikinsu ɗan'uwan filasko ne a ciki, ganyen da kowace tsohuwa ta san yana sa gudawa. Mutum ya biya kuɗi ya kwana zarya zuwa banɗaki, gari ya waye ya ce ya ji sakayau, alhali ruwan jikinsa ne ya tafi.

Tun da masu irin wannan talla ba sa yarda da magana sai an ce Turawa ne suka faɗa, to ga abin da Turawan suka gano. A 2010 wasu masu bincike daga Italiya sun kwatanta hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen gero da dawa da wake da ganye suke ci, wato cimarmu sak, kuma aka samu halittun hanjinsu sun fi yawan iri, sun kuma fi fitar da sinadaran da ke kare hanji. A 2015 aka wallafa wani gwajin da aka yi wa baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu, inda aka sa suka yi musayar abinci na mako 2 kacal. Waɗanda suka koma cin abincin karkara, alamomin haɗarin sankarar hanji sun ragu a jikinsu, waɗanda aka ɗora wa nama da maiƙo kuwa alamomin sun ƙaru. Sai kuma a 2018 wani babban bincike a Amurka, wanda ya ƙunshi mutane sama da 10,000, ya nuna cewa masu cin tsirrai sama da iri 30 a mako sun fi masu cin iri 10 ko ƙasa da haka yawan nau'in halittu a hanji. Daga nan ne maganar "tsirrai 30 a mako" ta bazu a Ingila da Amurka, har ta zama abin yayi da ake rubuta littattafai a kanta.

Yanzu don Allah a zauna a ƙirga abin da yake cikin kwanon da aka zaga. Tuwon dawa ne, miyarsa kuka, a cikinta akwai daddawar kalwa da albasa da barkono da citta da masoro da tafarnuwa, wasu gidajen har da dakakken wake. Tun ba a tashi daga tabarma ba an doshi iri 10. Da safe an sha kunun tsamiya da ƙosai, da rana an ci kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da tumatir, ko dambu, ko faten acca da yakuwa da gauta. Yaro ya fita wasa ya dawo aljihunsa cike da magarya da aya da gujiya, bakinsa ya yi jawur da goruba. Idan damina ta sauka ga tafasa da lalo da alayyahu, idan kaka ta yi ga kabewa da riɗi, kanya da aduwa kuma suna nan a lokacinsu. Macen da take girki a karkarar Katsina ko Maraɗi tana iya cika 30 ɗin kafin Juma'a ta zagayo ba tare da ta taɓa jin labarin binciken ba. Wannan ne abin da aka kira datti. Kuma garin 'ya'yan kukar nan da yaranmu suke tsotsa, tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta, yanzu ana zuba shi a leda mai ƙyalli ana sayar wa masu kuɗi da tsada.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Wani zai ce rayuwa ta yi tsada, to ni ban taɓa jin ƙullin kuka ko damin rama ya kai kuɗin kwalin shayi ba. Wata za ta ce wake yana kumbura mata ciki, amsarta ita ce ta jiƙa shi, ta fara da kaɗan, ta riƙa ƙarawa, ta yawaita shan ruwa, hanji zai saba cikin 'yan makonni. Akwai kuma masu cewa ganye yana kawo taifot da tsutsar ciki, kamar dai laifin ganye ne da ba a wanke shi da ruwa mai tsabta ba. Wanda likita ya hana shi wani abinci saboda ciwon ƙoda ko wata lalura, wannan ya bi likitansa, ba da shi nake ba. Amma masu cewa ai kakanninmu ba su yi tsawon rai ba, su sani ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da wahalar haihuwa ne suka ɗauke su, babu wanda miyar kuka ta kashe.

Abin da yake ba ni tausayi da gaske shi ne yaran birni. Na ga gidajen da yaro zai kwashe mako guda daga taliyar leda sai burodi da shayi sai farar shinkafa da mai, idan ya kwana biyu bai yi bayan gida ba a ce basir ne, a nemo masa jiƙo, ko a je kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da takardar likita ba, wanda shi kuma yake kashe bakteriya masu amfani da marasa amfani gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, da giram 25 na faiba. Mu kuma mun mayar da cin ganye alamar talauci, har matar gida tana jin kunyar baƙo ya tarar da ita tana kwaɗo. Hatsin ma sai an surfe shi tas an ba akuya dusar, mu kuma mu tuƙa farin garin da akasarinsa sitaci ne. Ba cewa nake a daina cin shinkafa ko nama ba. Cewa nake a mayar wa tukunya yawan irin da aka rage mata, yau kuka, gobe kuɓewa, jibi taushe da kabewa da gyaɗa, a sa wake a shinkafa, a bar yaro ya ci goruba.

Af, tun da an zo maganar goruba, wai ina bishiyoyin ma? Ɗorawar da ake samun kalwa daga gare ta da kanya da kaɗanya, kullum sai an ga motoci sun ɗauko su an mayar da su gawayi, ga daddawa tana ta ƙara tsada a kasuwa har dunƙulen ɗanɗano ya kore ta daga miyar gidaje da yawa. Ɗorawa tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya, mai gatari kuwa yini ɗaya ya ishe shi. Ina so masu unguwanni da dagatai su faɗa mana wa yake ba da izinin saran nan, da kuma nawa ake karɓa.